Inda Baro Ya Kauce

Burodi ne ya fara gaya wa mutane an yi mutuwa. Direban motar farko da ta fito daga garin yamma da sassafe ya gan shi warwatse a kan kwalta tun kafin ya sha kwanar, wani yana cikin ledarsa, wani ya fashe ya jiƙe da ruwan saman jiya. Da ya rage gudu sai ya hango babur a kife cikin lambatu. Mai babur ɗin yana can gaba, saurayi ɗan garin gabas da ke kai burodi shaguna kowace safiya, wuyansa ya juya irin juyin da wuyan mai rai ba ya yi.

Abin da ya kayar da shi bai ɓuya ba. Wani ya kwaso jar ƙasa ya gitta ta daga wannan gefen titi zuwa wancan, ya daddaɓe ta da bayan shebur, ta zama tudu daidai inda kwanar ke ɓoye hanya. Babu fenti, babu alama, kuma jiya da magariba babu shi. A gefe an bar baro a kife, baron da kowa ya sani da hannayensa na katako: na marigayi kafinta.

Kafin rana ta yi zafi mutanen garuruwan biyu sun cika wurin, kowane gari ya tsaya a gefensa yana harar ɗayan. Mai Sawu ya iso yana haki. Aikinsa bin sawun dabbobin da aka sace ne, wani lokaci da mutanen da suka ɓata, kuma 'yan sanda sun saba kiransa. Bai gaisa da kowa ba sai da ya roƙi Saje ya ja igiya ya kare gefen titin, daga tulin jar ƙasar ma'aikatan hanya har zuwa tudun.

"Ka ja igiyarka," in ji Saje, "amma mun riga mun ɗauko ta."

"Wa?"

"Matar kafinta mana. Wa kuma?"



Damina biyu da suka wuce, a wannan kwanar aka tsinci kafinta. An same shi kwance ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke bakin titi, an naɗe hularsa an yi masa matashi da ita, an rufe masa fuska da hankici, an jera takalmansa a gefe kamar na mai barci, an jingine kekensa a jikin bishiyar. Ba a taɓa gano motar da ta buge shi ba. Bayan jana'iza mutane suka haɗu suka gina tudu don motoci su riƙa rage gudu. Bana gwamnati ta turo wata injiniya ta tsara gyaran hanyar da ta haɗa garuruwan, ita kuwa ta sa aka kwashe tudun, ta ce tudu marar alama a bayan kwana tarko ne, a jira ta gama tsari. A taron da aka yi a makaranta, matar kafinta ta miƙe a gaban kowa ta ce in sun kwashe, ita za ta mayar da shi da hannunta.

"Gari biyu sun ji ta," in ji Saje. "Ga baron mijinta. Ga gawa. Gobe da hantsi motar babban ofis za ta zo ta tafi da ita, kuma in ta tafi, ba nan kusa za ka sake ganinta ba."

* * *

A bakin ofishin 'yan sanda Mai Sawu ya tarar da Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya rene shi tun yana maraya. Da can Kawu direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin garuruwan, har ya ajiye tuƙi ya ce ido ya yi rauni. Yanzu shi ke tsayawa da jar tuta a gaban makaranta yana tsallakar da ɗalibai, ba wanda ya sa shi. Yana riƙe da kwanon abinci da ya kawo wa matar kafinta, yana ta faɗa wa ɗan sandan da ke ƙofa, "Ba ita ba ce. Yarinyar nan ba ita ba ce."

"Kawu, je gida ka huta," in ji Mai Sawu. "Zan duba."

Tana zaune a kan benci a ɗakin baya, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta, don daga kan keken ɗinki aka ɗauko ta. Mai Sawu ya san kowane layi na fuskar nan. Ranar jana'iza ya yi mata alkawarin zai gano direban, ya kuma yi wa kansa alkawarin ba zai buɗe baki da abin da ke zuciyarsa ba sai ya cika na farko. Tun daga nan rigunansa suka koyi yagewa. Duk mako sai ƙaya ta kama wata, ya kai mata ɗinki, ya tsaya yana kallon hannuwanta. Ta sani, ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai takan ce ƙayoyin dajin nan sun iya yanka a miƙe kamar almakashi.

"Ke kika yi?" ya tambaye ta.

"Ai na ce zan yi. Kowa ya ji."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Ta ɗago ido. "Da ina da ƙarfin tura baro cike da ƙasa, da na yi tun ranar da suka kwashe wancan. Na kwanta ina so a yi, na tashi an yi, ga ɗan mutane a kwance. Uwarsa tana can tana jin abin da na ji. To gaya min, ina bambancina da wanda ya yi?"

"Bambancin shi ne ke za a tafi da ke gobe."

"Su tafi da ni."

"Zan fitar da ke daga nan, na yi miki alka..."

"A'a." Ta ɗaga hannu a hankali. "Guda ɗaya ka yi min, Mai Sawu, yana nan a ajiye. Kada ka ɗora wani a kansa."

Ya fito kamar wanda aka mara a gaban jama'a, kuma ya san ba ta yi masa ƙarya ba.

* * *

Sawun bai ba shi suna ba. Wanda ya yi aikin ya sa takalmin roba na ma'aikatan hanya, irin waɗanda ake jibgewa a rumfar da ke bayan tulin ƙasa ba tare da kwaɗo ba, kuma takalmin ya yi masa yawa, ƙafarsa tana yawo a ciki. Nauyin baro kuwa yana canja tafiyar kowa. Don haka Mai Sawu ya bar ƙasa ya koma kan mutane.

Mai faci yana da rumfa kusa da kwanar, kuma shi ya ari baron daga wurin matar kafinta a makon jiya. Da ya hango Mai Sawu sai ya ɗaga ƙafa ɗaya sama daga inda yake zaune.

"Ga ta nan, ka gaishe ta. Na san ita ka zo gani, ba ni ba."

"Sauke, kada ƙudaje su mutu. Ina ka bar baron?"

"Bayan rumfa, inda nake barinsa kullum. Har akuya ta san wurin."

"An ce tun da aka kwashe tudun ba ka samun aiki."

"An ce, an ce! Bara an ce ni ke shuka ƙusa a hanya, bana na koma shuka tudu. Baɗi sai a ce ni na lanƙwasa kwanar." Ya yi dariya, dariyar ta mutu a rabi. "Yaron nan kullum sai ya jefo min burodi ɗaya bai tsaya ba. Yau ni na ɗauki ƙafafunsa muka sa shi a mota. Kana ganin zan iya?"

"Ina ka kwana?"

"A ɗakina. Shaidata sauro, in za ka iya sa shi ya yi magana."

Iya mai lemo tana zaune nesa kaɗan da tirenta, ba ta sayar da ko ɗaya ba. Ita ma tun da motoci suka daina rage gudu cinikinta ya mutu, kuma ɗakinta ne mafi kusa da kwanar. Ta kama hannun Mai Sawu ta jawo shi ƙasa kusa da bakinta.

"Ɗan nan, ka daina wahalar da kanka. Na san wanda ya yi."

"Wa, Iya?"

"Mai baron. Kafinta ne ya dawo." Ta waiga bayanta. "Kafin asuba na ji kukan tayar nan, ƙiii, ƙiii, yadda take yi lokacin da yake tura katako. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Na ja zane na rufe kaina, na karanta duk abin da na iya."

"Iya, matattu ba sa sa takalmin roba."

"Kai ka taɓa mutuwa ne da za ka san abin da suke sawa?" Ta sake shi. "Kuma yana magana. Duk zuwa sai na ji ya ce gafara. Gafara dai. A hankali, kamar mai tsoron tayar da jariri."

Gafara. Kalmar masu tura baro ce a kasuwa, da ita suke buɗe hanya cikin cunkoso. Mai Sawu ya ji kamar an kunna masa fitila. Ya hau mota ya tafi kasuwar garin gabas, ya dawo ta garin yamma, yana duba tafin hannun masu baro da ƙasan wandunansu, yana tambayar wa aka yi haya da daddare. Suka yi masa dariya, wani ya ce in ya gama ya zo ya duba masa ƙwarƙwata. Jar ƙasa ba ta jikin kowa. Da la'asar ya dawo kwanar hannu wofi, rabin ranarsa ya ƙone.

* * *

Ya tarar da Injiniya ita kaɗai a tsaye, hular aiki a hannu, tana kallon inda aka kwashe sabon tudun. Idanunta sun yi ja.

"Na ce su jira," ta ce, ba ta juyo ba. "Za mu yanke gaɓar nan don direba ya hango gaba. Za mu faɗaɗa gefe, mu yi wa masu ƙafa da masu keke hanyarsu, mu sa ƙananan kunyoyi masu farin fenti tun daga nesa. Duk yana cikin tsari, damina kawai muke jira ta wuce. Na faɗa musu gaskiya, amma na faɗe ta ga mutanen da suka binne nasu. Ya kamata in bar musu wani abu a madadin tudun, ko da ganga ce mai fenti."

Ta nuna masa fararen turakun da ta kafa a gefen hanya. Kowane turke wuri ne da aka taɓa yin hatsari, yadda mutane suka nuna mata, don ta san inda kwanar ke cizo. Ɗaya yana ƙarƙashin mangwaro.

"Wannan na kafinta ne," ta ce. "Matarsa da kanta ta nuna min."

Mai Sawu ya tsallaka igiyar, ya durƙusa. Rana ta karkata, haskenta yana zuwa a kwance, kowane ɗan rami a ƙasa ya sami inuwarsa. Da safe takalmi ya duba. Yanzu ya bi tayar baron.

Daga tulin ƙasa layin tayar ya taho a miƙe a gefen titi, kamar an ja shi da zare. Can, kafin a kai mangwaro da ɗan nisa, sai ya kauce. Ya hau kan kwalta, ya zagaya, ya sauko ya ci gaba. Da dawowa ma haka. Kowane zuwa haka, har ƙasar da ke zubewa daga baron ta zana jan baka a kan baƙar kwalta. Hawa kwalta da baro cike aiki ne, sai an ɗaga taya a kan gaɓa. Mai Sawu ya shafa wurin da aka zagaye. Babu dutse, babu rami, babu ruwa kwance. Fili ne sumul, tsawonsa tsawon mutum.



Ya san wurin. Damina biyu da suka wuce ya durƙusa a nan, ya karanta abin da ƙasa ta rubuta: a nan kafinta ya faɗi, a nan yatsunsa suka tona ƙasa yana da sauran rai, daga nan wani ya ɗauke shi ya kai shi inuwa. Ya gaya wa babban ɗan sandan wancan lokaci, wanda tuni aka yi masa canji. Bai gaya wa matar ba. Bai so ta san mijinta ya daɗe yana jin zafi. Duk duniya ta san mangwaro. Wannan fili kuwa mutum biyu ne a garuruwan nan suka san shi, shi da wanda ya ɗauki kafinta a hannunsa.

Mai tura baro a kasuwa da ƙarfi yake cewa gafara, don masu tsaye su matsa. Wannan a hankali ya faɗa, ga wanda ke kwance.

"Lafiya?" in ji Injiniya. "Fuskarka ta canja."

"Ranki ya daɗe, gobe da safe ki zo nan. Kuma kada ki bari kowa ya kafa komai a gefen nan."

* * *

Da magariba suka ci abinci da Kawu a tsakar gida, kamar kullum. Kawu yana juya cokali ne kawai.

"Gobe zan tara mutane a kwanar," in ji Mai Sawu. "Ina so ka zo da tutarka ka tsare mana motoci, kada a ƙara wani."

"Ka san ba na zuwa kwanar nan, ɗana."

"Na sani. Amma direbobi kai suke ji. Don ita, Kawu."

Tsohon ya ture kwanon. "Kana son yarinyar nan."

"Kawu..."

"Ni na yi maka wanka kana tsirara, kada ka ɓoye min. Zan zo."

Mai Sawu ya ji daɗin maganar har cikin ƙashinsa. Ya kwanta yana lissafa fuskokin direbobin da ya sani, yana tambayar kansa wanne ne a cikinsu yake yawo da gawa a cikin ido.

* * *

Da safe ya share gefen titin da reshe, daga tulin ƙasa har mangwaro. Saje ya zo da matar kafinta, motar babban ofis kuma ta riga ta iso ta tsaya a gefe, direbanta yana duba agogo. Mai faci ya zo, Iya ta zo, Injiniya ta zo da ma'aikatanta. Shugaban direbobi ya kawo duk wanda ke bin hanyar, tsoho da sabo. Mahaifin mai burodi ya zo shi ma, dogon mutum, ya tsaya can gefe. Kawu ya ɓullo ta hanyar daji ya tsaya kusa da tulin ƙasa da tutarsa.

"Ba wani abu mai wuya," in ji Mai Sawu. "Kowa ya taka daga nan zuwa inuwar can, ɗaya bayan ɗaya. Tafiyarku nake son gani."

Ya tsaya kusa da filin, ya yi kamar ƙafafunsu yake kallo.

Mai faci ya fara, yana rangaji da gangan. "Ka gani? Tafiyar ango." Ya taka filin ya wuce. Iya ta wuce tana addu'a. Ma'aikata suka wuce. Direbobi suka biyo, wani yana gunaguni, wani yana dariya, kowa ya taka filin kamar kowace ƙasa. Sai matar kafinta, Saje a bayanta. Ta taho idonta a kan mangwaro, ta ɗora ƙafarta daidai inda ƙirjin mijinta ya kwanta, ta wuce ba ta sani ba. Mai Sawu ya rufe ido.

Babu wanda ya kauce.

"To?" in ji Saje daga inuwa. "Ka ga abin da kake nema?"

Mai Sawu ya sake kallon filin. Wataƙila mutumin bai zo ba. Wataƙila baƙo ne daga wata ƙasa. Wataƙila Iya ce ke da gaskiya.

"Na ba ka dama," in ji Saje, muryarsa ba faɗa a ciki. "Malama, taho mu je." Ya ɗaga murya. "Baba mai tuta, an gama, zo ka sha inuwa!"

Kawu ya naɗe tutarsa ya taho ta gefen titi, kansa a ƙasa, tafiyar tsohon da ya gaji. Mai Sawu yana kallonsa ne kawai don ba shi da ƙarfin kallon inda ake tafiya da ita. Kawu ya iso daf da shi. Sai ƙafarsa ta dama ta ɗaga ta hau kwalta. Ya zagaya filin a hankali, kafaɗarsa a sunkuye, leɓɓansa suka motsa.

"Gafara dai."

Wata mota ta wuce da hon, iskarta ta kaɗa masa riga. Bai ko ji ba. Ya sauko daga kwalta ya ci gaba.

Ba wanda ya gani. Duk suna kallon matar da ake kaiwa mota. Mai Sawu ya bi Kawu da ido. Wannan bayan da ke tafiya a gabansa, a kansa ya yi barci lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe shi. Waɗannan hannayen ne suka koya masa ɗaure takalmi. In ya yi shiru, shiru zai zauna har abada, ƙasa ba ta kai ƙara. Ya ji an buɗe ƙofar mota. Ya ga ta tattara zanenta za ta hau.

"Saje, dakata."

Muryar ba ta yi kama da tasa ba. Kowa ya juyo.

"Kawu," ya ce, hawaye suna gangaro masa bai share ba. "Wa kake ce wa gafara?"

Tsohon ya tsaya cak. Da ya juyo, bai kalli ɗan 'yar'uwarsa ba, filin ya kalla.

"Yana nan kwance ai," ya ce. "Kai ba ka ganinsa?"

Iya ta saki salati. Tutar ta faɗi daga hannun Kawu.

"Ni na buge kafinta," in ji shi. "Ni kaɗai ne a motar, rana tana cikin idona, ina sauri in kama layi. Na ɗauke shi na kai shi inuwa, na zauna da shi har ya cika. Sai na ji babbar mota tana tahowa, tsoro ya ɗauke ni. Da aka gina tudu na sami barci. Da aka kwashe, duk motar da ta shiga kwanar nan da gudu ina jin ta daga gadona. Na ce bari in mayar, kada wani ya zama ni. Jiya na je ofis da kwanon abinci don in faɗa. Bakina ya ƙi."

Mahaifin mai burodi ya tako gaba. Mutane suka matsa, suna jiran ya kai duka. Bai ɗaga hannu ba.

"Shi ka kai shi inuwa," ya ce. "Nawa fa? Wa ya zauna da shi?"

Kawu ya durƙushe a ƙasa.

Matar kafinta ta sauko daga bakin motar. Ta ratsa mutane ta zo ta tsaya a kansa, ta yi magana da muryar da take tambayar awon riga.

"Kai ka rufe masa fuska?"

"Ni ne."

"Ya yi magana?"

"Ya yi." Kawu yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ya ce in janye kekensa daga kan hanya, kada ya kayar da wani."

Ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka, ta toshe bakinta da gefen mayafi. "Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne."

Saje ya cire hularsa ya mayar. "Malama, ki je gida. Ki yi haƙuri da mu."

Ta juya ga Mai Sawu. Ya so ta zage shi, ko ta gode masa, ko ta yi wani abu da zai san inda ya tsaya.

"Ka san ya yi rai bayan an buge shi."

"Na sani."

"Ba ka faɗa min ba."

"Ban so ki..."

"Na gane." Ta kalli tsohon da ke ƙasa, ta sake kallonsa, kuma ya ga tana ganin kamannin da ke tsakaninsu, goshin nan, hancin nan. "Ka cika alkawarinka, Mai Sawu. Allah ya saka maka. Amma kada ka biyo ni. Ba yau ba."

Ta kama hanyar garin yamma ita kaɗai, Iya ta bi bayanta da sauri ta riƙe mata hannu.

'Yan sanda biyu suka ɗaga Kawu. A bakin motar ƙafarsa ta ƙi hawa, ya yi ta ƙoƙari tana zamewa. Mai Sawu ya zo ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa ya ɗora shi, ya ji tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan. Sannan ya hau ya zauna kusa da shi.

Saje ya leƙo. "Kai ba a kama ka ba fa."

"Na sani," in ji Mai Sawu. Ya kama hannun Kawu ya riƙe a kan gwiwarsa. "Ba shi da kowa sai ni. Ku ja mu tafi."